Amsa kan kwan lantarkin da aka kunna wa 'ya'yan kunkuru

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na ga hoton da ka turo: 'ya'yan kunkuru a cikin kwali, ka zuba musu dusar katako, ka rataya kwan lantarki mai wat 200 saboda sanyin nan, kana tambaya ko a bar shi har safe. To, don Allah tashi ka kashe shi tukuna, sai ka dawo ka ƙarasa saurare.

Ka ga irin wannan tsohon kwan mai zare a ciki, yawancin wutar da yake sha zafi take komawa, hasken kaɗan ne. Gilashinsa ya fi tafasasshen ruwa zafi. Kuma holdar da na gani ta roba ce, in ta daɗe tana gasuwa sai ta yi laushi ko ta tsage, kwan ya faɗo kan dusa. Ga hunturu, komai ya bushe ƙayau. Shi kuma kunkuru kar ka ga tafiyarsa a hankali, turi gare shi, yana haƙa, yana hawa kan ɗan'uwansa. In ya dungure kwalin nan ya jingina da kwan, shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma wutar NEPA ce. Za a ɗauke da daddare, ka manta makunni a kunne, ka kwanta. Can tsakar dare su dawo da ita, wani lokacin ƙarfinta ya wuce volt 230 ɗin da ya kamata, kowa na barci. Sannan na hango ekistenshan ɗin nan mai siririyar waya. In a kansa ake jona hita da dutsen guga, ka raba su yau. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa huɗu yana da fiyus a ciki, mafi girmansa amp 13. Fiyus ɗin da ya ƙone a sayi sabo, ban da ɗaura masa waya. Haɗin da aka naɗe da salatef kuma a cire shi gaba ɗaya.

Gaskiya ni a ganina ba ka buƙatar kwan ma. Kunkurun nan namu ɗan Sahel ne, a daji rami yake haƙa ya shige. Ƙananan ne sanyin dare ke wahalarwa. Ka shigo da su ɗaki cikin akwatin katako, ka sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe, da hantsi ka fitar da su su sha rana, da 'yar inuwa kusa.

In kuwa dole sai wuta, musamman masu ajiye damo ko maciji a akwatin gilashi, to holda ta zama ta tangaran, a ɗaure ta da sukurori a sama, ba a rataye da wayarta ba. A sa ragar ƙarfe a kewaye kwan, don maciji nannaɗe shi yake yi ya ƙone. Wat 50 ko 60 ya wadatar da ƙaramin akwati. A haɗa da tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka saita. Kwanon ruwa ya yi nesa da soket, sannan mai aikin waya ya sa maka bireka mai faɗuwa da zarar wuta ta zurare, irin ta miliyamp 30.

Allah ya kiyaye, in ka ji ƙaurin roba ko ka ga soket ya yi baƙi, ka sauke babban makunni ko sanja-oba kafin komai, in janareta ne ka kashe shi. Ban da watsa ruwa muddin da wuta a waya. Yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. In ta fi ƙarfinka fitar da iyali, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana. In ka sauya akwatin, turo hoton in duba maka.