Ɗana yana haɗa lambobin ƙasa, ga jarrabawa ta matso

Tambaya: Malam, ɗana yana aji CM2, ajin ƙarshe na firamare, a nan Garwa ta Kamaru, bana zai rubuta jarrabawar CEP ta kammala firamare. In aka ba shi 1/2 + 1/4 sai ya rubuta 2/6. Malamin da muke biya yana zuwa gida ya ce in ya haddace ƙa'ida shi ke nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Yaron ya ɗauka lambar ƙasa ma abin ƙirgawa ce, shi ya sa yake haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Aikin lambar ƙasa kawai ta faɗi gida nawa aka raba abu, wato girman kowane yanki. Ta sama ce ke ƙirga yankunan.

Ki zaunar da shi da maganar kuɗi, can kan yara ke buɗewa. Sefa 12,000: rabinta 6,000, rubu'inta 3,000, a haɗe 9,000. To 2/6 ɗin nasa nawa ne? 4,000. Yana da 6,000, an ƙara masa, ya koma 4,000! Ki tambaye shi ko zai yarda a yi masa haka a kasuwa. Da zarar ya mayar da rabi rubu'i biyu, zai ga 2/4 + 1/4 = 3/4, ƙasan ba ta motsa ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu zagayen gidajen nan da ke karɓar kuɗin iyaye duk wata, suna sa yara rera ƙa'ida kamar waƙa. Ko da'ira ɗaya ba sa zanawa su raba a gaban yaro. Sai ya ci jarrabawa da hadda, ya girma da kuskuren, har ranar da za a zauna rabon gado. Mutum ya rasu ya bar ɗa, mata da mahaifiya: Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, ta ba mahaifiya sudusi (1/6), mata sumuni (1/8). Malaman gado sai su nemo 24, domin 6 da 8 duk suna shiga cikinta: mahaifiya kashi 4, mata kashi 3. A sefa 240,000, rabonsu su biyu 70,000 ne. Mai haɗa ƙasa zai ce 2/14, kuɗin ma bai kai 35,000 ba. Haƙƙin tsohuwa da mai takaba ke nan aka zabtare fiye da rabi, a kuma shafa fatiha a tashi.

Gobe in malamin ya zo, ki ce ya nuna miki da zane dalilin da 1/8 bai kai 1/6 ba. In ya hau kame-kame, ki nemi wani.