Alhaji ya rasu ya bar shago da littafin bashi, ta yaya za mu ci gaba da alherinsa?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa: "Mahaifinmu ya rasu wata 5 da suka wuce, bayan ya shekara 40 yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ya bar mata 2 da 'ya'ya 11, huɗu ba su balaga ba. Ni ne babba, shagon yana hannuna. Duk azumi yakan raba gero da sukari a unguwa, yana biya wa 'ya'yan mutane kuɗin makaranta, mun kuma tarar da littafin bashi mai kauri. Waɗanda ya saba taimaka wa yanzu wurina suke zuwa, ina jin nauyin hana su, jari kuma sai raguwa yake yi. Me zan yi?"

Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Irin waɗannan dattawa kasuwa ta san su: daga sallar Asuba sai shago, ba su tashi sai kiran Azahar, kuma ba a sanin yawan gidajen da suke ɗauke da su sai ranar jana'iza. Kunyar da kake ji, tarbiyyarsa ce.

Amma ɗan'uwa, zan gaya maka gaskiya. Alhaji da dukiyarsa yake kyauta. Kai kuwa abin da ke cikin shagon nan ba naka ba ne. Tun ranar da ya cika, kowane bandir na shadda ya zama na magada, har da marayu huɗu da iyayenku mata. Duk buhun geron da ka saya daga aljihun shago ka bayar, akwai haƙƙin yaron da bai ma san ana yi ba. Dakatar da wannan tukuna, ko da za a ce ɗan bai gaji uban ba.

Ka tara manyan gidan da malamin da ya san ilimin gado, a rufe shago kwana ɗaya ko biyu a ƙirga kaya da farashin yau, a haɗa da kuɗin banki da na aljihu. Tsarin shari'a a fili yake: bayan kuɗin jana'iza sai a biya bashin da ake bin mamaci, sai wasiyya idan ya yi, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan rabo. Matan biyu su raba kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'ya kuma namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Kada ka manta da dilolin da suka ba shi kaya, da kuɗin ajiya, domin mutum mai amana irinsa da wuya a ce babu kayan wani a hannunsa. Haka yaran shagon da suka daɗe suna jiran sallama, a ji abin da ya yi musu alkawari. Idan an sami saɓani, Kotun Shari'ar Musulunci tana rabon gado, ba abin kunya ba ne zuwa.

Littafin bashin nan ma gado ne. Wannan ne wurin da mutane suka fi zamewa, sai babban ɗa ya miƙe ranar addu'a ya ce an yafe wa kowa. Baligi yana iya yafe kasonsa, ba wanda zai yafe na maraya. Ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sarin da shagonsa ke cike, a je masa da ladabi a sa ranar biya a rubuce, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Kada a yi ta jinkiri, domin tun da aka saki farashin Naira a 2023, bashin da ya kwana shekara biyu ba ya sake sayo kayan da aka ɗauka. Wanda kuwa yake cikin ƙunci na gaske, a jinkirta masa, manyan da suka ga za su iya su yafe nasu.

Rabo ba ya nufin a wargaza shago. Ana iya rabawa a takarda, kowa ya san kasonsa, wanda yake so ya bar nasa a matsayin hannun jari, wanda yake son kuɗinsa a ba shi ba tare da gori ba, musamman 'yan'uwanka mata da galibi kunya ke hana su magana. Attajirin Kano Alhassan Dantata kafin rasuwarsa a 1955 ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su haɗa kai kada harkar ta watse, kuma kamfani ne mai rajista ya riƙe ta. Ku ma ku yi rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, ku buɗe asusun banki da sunan kamfanin, a yanka maka albashi sananne tunda kai ke wuni a shago.

Sai alherin Alhaji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka uwar kuɗi ba a taɓa ta. A ƙarshen shekara, bayan an fitar da zakka, manya su amince da wani kaso daga ribarsu, ko kashi 5 ne cikin 100, a ware shi da sunansa. Ba za ku iya ɗaukar duk abin da yake ɗauka ba, ku zaɓa. Ni da zan zaɓa, yaran da yake biya wa makaranta zan sa a gaba, domin tsayar musu da karatu a tsakiya ya fi rashin buhun gero ciwo. Sauran kuma ka je da ƙafarka kafin azumi ya kama, ka gaya musu cewa dukiyar ta koma ta marayu, kada su zauna jiran abin da ba zai zo ba.