Tambaya da Amsa: Yadda Ake Binciken Kalma a Cikin Takardun da Aka Ɗauka da Sikana

Tambaya: Malam, ni magatakarda ne a wata makarantar sakandare a Katsina. Mun ɗauki tsofaffin rajistocin ɗalibai da wasiƙu da na'urar sikana mun adana su a kwamfuta, amma idan na rubuta sunan ɗalibi domin in nemo takardarsa, sai kwamfutar ta ce babu. Ina matsalar take?

Amsa: Malam magatakarda, abin da sikana ta ba ka hoton takarda ne kawai. Idonka yana ganin haruffa, ita kuwa kwamfuta ɗigo-ɗigon baƙi da fari take gani, shi ya sa ba ta san inda sunan yake ba. Maganin wannan shi ne manhajar gane rubutu, wadda aka fi sani da OCR, wadda take bin hoton layi bayan layi, ta fitar da haruffan, sannan ta shimfiɗa su a ɓoye a bayan hoton cikin fayil ɗin PDF, ta yadda takardar za ta ci gaba da kasancewa da kamanninta na asali, har da hatimi da sa hannu, alhali kuwa ana iya bincike a cikinta.

Adobe Acrobat na yin wannan aiki amma da kuɗi. Akwai kuma Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙirƙira a shekarun 1980, aka sake ta kyauta a 2005, kuma a kanta aka gina OCRmyPDF, manhajar da ke saka ɓoyayyen rubutun a cikin fayil ɗin PDF. Idan shafukan kaɗan ne, ka ɗora su a Google Drive ka buɗe da Google Docs, sai dai ban so a riƙa ɗora bayanan yaran mutane a intanet ba tare da izinin shugaban makaranta ba.

Rabin aikin yana wajen ɗaukar hoton. Ka saita sikana a kan ɗigo 300 a kowane inci, ka miƙar da takardar, ka cire allurar da ta maƙale shafuka, domin shafin da ya karkace ko wanda tawada ta dushe shi ne yake haifar da yawancin kurakurai.

Inda za ka fi shan wahala shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Manhajar da ba a horar da ita da Hausa ba takan mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, wani lokacin ma ta sa wata alama daban, saboda haka Ɗanladi yana iya komawa Danladi. Idan ka nema ba ka samu ba, ka sake nema ba tare da lanƙwasar ba, ko ka rubuta "anladi" kawai. Rajistar da aka cika da hannu kuwa, balle ajami, sakamakonta ba abin dogaro ba ne, gara ka buga sunayen da kanka a wani jadawali, ka rubuta lambar shafi kusa da kowane suna.