Tambaya da Amsa: Ci Ba Ƙaƙƙautawa, Kwaɗayi ne ko Ciwo?

Tambaya: Likita, ƙanwata takan kulle kanta a ɗaki ta cinye abincin mutum uku, daga baya ta yi ta kuka. An ce kwaɗayi ne. Anya kuwa? Ko shi ne ake kira bulimiya?

Amsa: 'Yar'uwa, mai kwaɗayi ba ya kuka bayan ya ƙoshi. Abin da kika faɗa ya yi kama da lalurar ci ba ƙaƙƙautawa, wadda likita Albert Stunkard ya bayyana a 1959, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma ta ware ta a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013.

Abu biyu ake fara dubawa: cin abinci fiye da kima cikin ɗan lokaci, kamar awa 2, da jin cewa an kasa tsayawa. Na biyun ne ginshiƙi. Sannan a samu aƙalla uku daga cikin waɗannan: ci da sauri, ci har ciki ya takura, ci ba yunwa, ɓuya saboda kunya, da tsanar kai bayan an gama. Idan hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, a ga likita.

Bambancinta da bulimiya yana ga abin da ke biyo bayan cin. Mai bulimiya takan jawo amai, ko ta sha maganin sa zawo, ko ta wahalar da kanta da motsa jiki don kada ta yi ƙiba. Wannan yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice, ruwan cikin da ke fitowa da amai kuma yana cinye haƙori. Anoreksiya kuwa ƙin ci ne don tsoron ƙiba har a rame matuƙa. Mutum ɗaya kan tashi daga wannan ya faɗa waccan, don haka ki lura ko ƙanwarki tana ruga banɗaki da zarar ta gama ci.

Kada ku matsa mata ta rage ci. Nan iyalai da yawa ke ɓata lamarin. Yunwar da aka tara da rana ita ke ɓallewa da dare, nadama ta biyo, gobe a sake ƙuntata ciki. Shi ya sa magani kan fara da tsara ci: sau 3 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 2 ko 3 a tsakani, kada tazara ta wuce awa 3 zuwa 4. Za ta riƙa rubuta abin da ta ci, da lokacin, da halin da zuciyarta ke ciki, don a gano abin da ke tunzura ta: kaɗaici, ɓacin rai ko gori.

Babban magani shi ne zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, wato zaman da ake kira CBT, inda ake gyara tunani da ɗabi'a. Akwai ƙwayar lisdexamfetamine da Amurka ta amince da ita a 2015, amma tana iya ɗaga hawan jini, sai da sahalewar likita. A duba mata sukari da hawan jini, a kuma bincika ko akwai ciwon damuwa, domin sau da yawa tare suke zuwa.