Tambaya da Amsa: Wane gilashin jawo nesa zan saya wa kyamarata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Zariya, kuma kyamarata Canon 80D ce. Yawancin aikina na bukukuwan aure ne a ɗakunan taro, sai kuma hawan sallah sau biyu a shekara. Ina so in sayi gilashi mai jawo nesa kusa, amma na rasa wanda zan ɗauka tsakanin 70-300 sabo da 70-200 mai lamba f/2.8 na hannu, wanda ya fi shi tsada duk da tsufansa. Abokan sana'ata suna cewa mai 300 ya fi, tunda ya fi jawowa. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan sana'arka sun dubi lamba ɗaya, wato ta tsawon gilashi da take nuna yawan jawowarsa, sun bar ɗaya, kuma wadda suka bari ita ce ta fi shafar abincinka. Lambar da ke bayan harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske yake shiga ta cikinta, kuma ƙanƙantarta ita ce girman ƙofar. Gilashin 70-200 yana riƙe f/2.8 daga farkon zum har ƙarshensa, shi kuwa 70-300 yana farawa da f/4 ne, ƙofar tana tsukewa har ta kai f/5.6 idan ka jawo abu zuwa maƙura. Hasken da f/2.8 yake shigarwa ya ninka na f/5.6 sau huɗu, wato hoton da za ka ɗauka a ISO 1600 (ISO ita ce lambar da ake ɗagawa don kyamara ta ƙara wa hoto haske idan wuri ya yi duhu) da na farko sai ka kai 6400 da na biyu, kuma a nan ne fuskar amarya take fara yin yashi-yashi. Wanda ya taɓa aiki a ɗakin taro da daddare, inda fitilun ado suka fi na haske yawa, ya san abin da nake nufi.

Kada ka dogara da na'urar hana girgiza, wadda Canon take kira IS, domin rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da doki mai sukuwa ko ƙawayen amarya masu rawa. Wannan sai da saurin ɗauka, kamar 1/500 ko 1/1000 na daƙiƙa, saurin kuma haske yake ci.

Batun nisa ba abin damuwa ba ne ƙwarai, saboda sensar 80D, wato farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara, ƙarama ce, tana sa gilashi ya yi kamar an ninka tsawonsa da 1.6. Ke nan 200 zai ba ka abin da 320 yake bayarwa a babbar kyamara, wanda ya isa ya cika hoto da mahayi da rawaninsa daga gefen fili. Sai dai 70 ɗin ma ya koma 112, don haka kada ka rabu da gajeren gilashinka, da shi za ka ɗauki hoton dangi.

Ga aikinka, 70-200 nake ganin ya fi, amma yana da nasa nauyin: ya kusa kilo ɗaya da rabi, alhali 70-300 gram 710 ne kacal, kuma wuyanka zai ba ka labari bayan yini guda. A gefe guda, 70-200 ba ya miƙewa idan ana zum, saboda haka bai cika zuƙar ƙurar hunturu da ta dawaki kamar mai fitowa da komawa ba.

Tunda na hannu ne, ka tambayi wane zubi ne, domin na 1995 ba shi da IS, a 2001 aka fara sa masa, sannan aka sabunta shi a 2010 da 2018. Ka haska shi da tocila ta baya, idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce da laima ta haifar, ka bar shi. Ka ɗora shi a kan kyamararka, ka ɗauki rubutun jarida a 70 da 200, ƙofar tana f/2.8, ka duba a kwamfuta kafin ka biya kuɗi.