Tambaya da Amsa: Kiran Waya ta Kwamfuta

Tambaya: Malam, a shagon buga takardu nake aiki, kuma masu kawo aiki suna yawan kirana alhali hannuna yana kan kwamfuta. Shin da gaske ne ana iya amsa kira ta cikinta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya sanya wata manhaja a cikin Windows 10 a shekarar 2018, wadda yanzu ake kira Phone Link. Za ki saukar da manhajar Link to Windows a wayarki ta Android, ki haɗa wayar da kwamfutar ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR da ta bayyana a allon kwamfutar, sannan ki kunna Bluetooth a na'urorin biyu, domin ta nan murya take bi. Layinki ne yake yin kiran, saboda haka daga katinki za a cire kuɗin, kuma dole wayar ta zauna kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Idan kwamfutarki za ta ɗauki Windows 11, ki sabunta ta.