Wasan waya da zaman aure: amsoshin likita

Tambaya daga wata matar aure a Zariya: Likita, shekara biyu da aurenmu. Maigida in ya dawo daga kasuwa ya ci abinci, sai ya toshe kunnuwansa ya shiga wasan harbe-harbe na waya mai suna PUBG da abokansa har biyun dare. In na yi magana sai ya ce "bari in gama wannan zagayen". Ciwo ne ko raini?

Amsa: Malama, zai iya zama ciwo, amma ba da yawan awanni kaɗai ake gane shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta da waya a matsayin cuta a 2019, sabon jerin cututtukanta da aka sa jarabar a ciki ya fara aiki a 2022. Alamomi uku ake dubawa: mutum ya kasa tsayawa ko da ya yi niyya, ya fifita wasan a kan barci da sana'a da iyali, kuma ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Yawanci sai an kai wata 12 a haka kafin a kira shi cuta. Ki lura, yana makarar asuba? Yana buɗe shago a makare? Yana fusata in data ta ƙare?

"Bari in gama" ɗin nan akwai gaskiya a cikinsa. A zagaye ɗaya ana zuba mutum ɗari, yakan kai kusan rabin awa, kuma ba a iya dakatar da shi. In ya fita ya bar abokansa uku a fili. Shi ya sa maganar da kika yi a tsakiyar wasa ba ta shiga, sai dai ta jawo faɗa. Ki same shi da rana, ciki a ƙoshe, waya a ajiye. Kada ki ce "ka rage", don ragewa ba ta da ma'auni. Ku yanke abin da za a iya ƙirgawa: zagaye biyu bayan isha'i, ƙarfe goma a kai wayar falo a sa ta a caji, ba waya a kan tabarmar cin abinci. Ku gwada mako biyu. Ɓoye caja ko ƙwace waya ba na ba da shawararsa ko kaɗan, ɓoye-ɓoye kawai yake koya wa mutum.

In ya yi alkawari da gaske ya karya sau uku ko huɗu, to a duba abin da yake gudu daga gare shi. Sau da yawa ciwon damuwa ne, ko bashi, ko karayar kasuwa. A nan sai ganin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Mafi yawan maganin tattaunawa ce da ƙwararre don sauya ɗabi'a.

Tambaya daga wani magidanci a Sakkwato: Ina buga ƙwallon waya har tsakar dare. Kwanan nan sha'awata ta ragu, uwargida tana ƙorafi. In sayi maganin ƙarfin maza?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da barcinka. Sinadarin namiji, wato testosterone, yana hauhawa ne lokacin barci. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Chicago a 2011, samari masu lafiya da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar a kowane dare na tsawon mako guda, sinadarin ya ragu musu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ga hasken allo da ke jinkirta sinadarin da ke kawo barci, ga bugun zuciyar da gasa take tayarwa. Ka ajiye waya awa guda kafin kwanciya, ka samu barcin awa bakwai, ka yi mako huɗu a haka. In babu sauyi, ko gabanka ya daina miƙewa da asuba, je ka auna sukari da hawan jini. Ka guji haɗe-haɗen da ake sayarwa babu suna a jikinsu. Wasu ana zuba musu sildenafil, sinadarin ƙwayar ƙarfin maza ta asibiti, wanda zai iya faɗar da jini ƙwarai ga mai shan maganin ciwon zuciya na nitrate.

Tambaya daga wata budurwa a Gombe: Saurayina ko zance ya zo yana kan Free Fire, yana sayen lu'ulu'un wasan, kuma na gano yana cacar ƙwallo. An ce in mun yi aure zai daina.

Amsa: Ƙanwata, aure ba ya warkar da wannan. Sayen kayan wasa da sauƙi: ya cire katin banki daga Google Play, ya yanke abin da zai kashe a wata. Cacar ce ta fi damuna, don ita ma cuta ce mai zaman kanta. In yana sake zuba kuɗi don ya maido da wanda ya rasa, yana ranto, yana ɓoye miki adadin, ki sanar da waliyyinki tun kafin a sa rana.

Tambaya daga wani miji a Katsina: Tun da matata ta haihu ta duƙufa kan Ludo da Candy Crush, har abinci yana ƙonewa.

Amsa: Malam, kafin ka yi faɗa, ka tambaye ta yadda take ji. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yakan zo da kuka ba dalili, rashin barci ko da jariri ya yi barci, da janye jiki daga mutane. In ya wuce mako biyu, ka kai ta asibitin da ta yi awo. In ba haka ba ne, ku buɗe Digital Wellbeing, sashen da ke nuna lokacin da aka ɓata a waya, a wayarta da taka, ku ga awannin kowa, ku sa wa kowane wasa iyakar minti 30 zuwa 45 a rana. Ka kuma karɓi jaririn awa guda da yamma ta samu ta kwanta.